Dala 15 a Rana da Baƙon Dundaye

Tun ranar 1 ga Mayu 2025 Najeriya ta sauya yadda take karɓar baƙi. Ma'aikatar harkokin cikin gida, ƙarƙashin minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta daina buga biza a filin jirgi ga wanda ya sauka, ta ce kowa ya nemi tasa ta intanet tun yana gida. Ta kuma ɗora tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar izininsa, tare da hana shi dawowa na shekara biyar in jinkirin ya kai wata uku, ko shekara goma in ya kai shekara guda. An buɗe ƙofar afuwa har zuwa 1 ga Agusta, aka tsawaita ta zuwa 30 ga Satumba, sannan hukumar shige da fice ta ce daga 1 ga Oktoba ba sani ba sabo. Babu ƙasar da za a ga laifinta don ta ce sai ta san wanda ke cikinta da ranar da zai fita. Abin da nake ja a kai shi ne cewa an ɗinka wannan riga da awon mutum guda, wato ma'aikacin kamfanin mai ko na gine-gine da ke sauka Legas da albashin dala, alhali mafi yawan baƙin da ke daɗewa a arewacin ƙasar nan ba su da wannan ƙira ko kusa. Kuma wurin da za a fi ganin haka da ido shi ne Dundaye.

Dundaye ƙauye ne a ƙaramar hukumar Wamakko, a gefen birnin Sakkwato, wanda ya zama mazaunin dindindin na jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka kuma mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Daga nan zuwa Illela, inda ake ƙetarawa Birnin Ƙonni na Nijar, bai cika kilomita 100 ba. Yaron da ya gama sakandare a Ƙonni ya fi kusa da Dundaye nesa ba kusa ba a kan Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, babban birnin ƙasarsa. Saboda haka baƙon da ke shafe watanni ko shekaru a wannan yanki, in aka cire ƙalilan, ɗan Nijar ne: ɗalibi a tsangayar likitanci ko ta nazarin addinin Musulunci, majinyaci a asibitin koyarwa na jami'ar tare da ɗan'uwan da ke jinyarsa, ɗan kasuwar albasa ko na dabbobi, almajirin da ya zo ɗaukar karatu a zaurukan malaman birni. Shi kansa Shehun da jami'ar ke amsa sunansa an haife shi a Maratta a 1754, garin da yau yake cikin Jihar Tawa a Nijar, ya kuma bi malaminsa Malam Jibril ɗan Umar har Agadas neman ilimi. Layin da ya raba Illela da Ƙonni sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa Ingila da Faransa suka ja shi, cikin yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906. Ban kawo wannan don a ce iyaka ba ta da ma'ana ba. Tana da ita, kuma ƙasashen biyu kowacce mai cin gashin kanta ce. Na kawo shi ne don a gane irin mutanen da dokar zama za ta faɗa wa a nan.

Gaskiyar magana, tarar dala 15 an yi ta ne don masu shigowa da biza, kuma a yau ɗan Nijar ba ya buƙatar biza. Amma me ke kare shi? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar 'yar'uwa ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ƙarin da aka yi mata a 1986 ya ba shi haƙƙin zama, na 1990 kuma haƙƙin kafa sana'a. Wanda zai wuce kwana 90 a Najeriya sai ya nemi katin zama na ECOWAS, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na katin CERPAC da sauran baƙi ke yanka ba. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan ranar ECOWAS ta fitar da sanarwa tana roƙon ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an ga abin da tattaunawa ta haifar. Ke nan ɗalibin da ya fara karatun likita na shekara shida a Dundaye, haƙƙin zamansa ya tashi daga yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu ya koma kan sanarwar wucin gadi, wadda taron shugabanni guda ya isa ya janye. Ranar da aka janye ta, babu wani mataki na tsakiya da aka tanadar masa. Zai wayi gari cikin aji ɗaya da injiniyan da kamfani ya ɗauko daga Chaina ko Indiya.

To a zauna a yi lissafi. A tsawon 2025 dala tana yawo ne a kusa da naira 1,500, don haka dala 15 ta kama wajen naira 22,500 a rana. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata. Jinkirin kwana uku ya kusa cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, jinkirin wata guda kuwa dala 450 ne, kusan naira 675,000. Ga kamfanin da ke haƙar mai a teku wannan kuɗin shayi ne, zai biya ya wuce, ko ma ya sa shi cikin kasafinsa. Ga ɗan manomin albasa na Galmi a Nijar kuɗi ne da ba zai taɓa haɗawa ba, kuma kowace safiya ƙaruwa yake yi. Tara ɗaya ga mutum biyun nan ba adalci ba ce, domin ga na farko ta yi kaɗan har ba ta hana shi komai, ga na biyu ta yi yawa har ta rufe masa ƙofar gyara. Katin CERPAC shi ma haka: a ƙarshen 2018 aka ninka kuɗinsa ga ma'aikata daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara, kuma duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan Yuni 2023, kuɗin da aka yanka da dala kan ninka kansa ba tare da wani ya sa hannu a takarda ba.

Abin da ya fi kuɗin nauyi a wurin ɗalibi shi ne ƙa'idar sabuntawa. Izinin zama yana tafiya ne da kalanda, yana da ranar farawa da ta ƙarewa, amma karatun jami'ar gwamnati a Najeriya ba ya bin kalanda. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, ga kuma kullen korona a kai. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Ɗaliban da suka shigo da niyyar shekara huɗu sun yi biyar, wasu har sun doshi shida. Da a ce tarar yau tana aiki a lokacin, kuma izinin wani baƙon ɗalibi ya ƙare a farkon yajin 2022, da kafin a koma aji bashin da ke kansa ya haura dala 3,600. Za a ce ai sai ya sabunta kafin wa'adi ya cika. Da wace takarda? Sabunta izinin ɗalibi yana buƙatar shaidar makaranta cewa har yanzu ɗalibinta ne, kuma a 2022 ba malamai kaɗai suka ajiye aiki ba, ma'aikatan ofisoshi ma sun yi nasu yajin na watanni. Ƙasar da ita ce ta kasa riƙe jadawalin karatunta bai kamata ta juyo ta ci tarar baƙon da jadawalin ya ɓata wa lissafi ba. Haka majinyacin da likita ya ce ya dawo wankin ƙoda sau biyu a mako, ba shi ne ya zaɓi ranar sallamarsa ba.

Hujja ta farko da masu goyon bayan tsarin ke kawowa ita ce, ai haka duniya take yi mana. Suna da abin nunawa. A Yuli 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, ta ce tana mayar da biki ne daidai da yadda ake yi wa mutanenta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana cin tarar dirhami 50 a rana. Ɗan Najeriya da ya taɓa tsayawa layin ofishin jakadanci ya biya kuɗin da ba a mayarwa, aka kuma hana shi ba tare da bayani ba, yana da dalilin jin sanyi a ransa in ya ji an tsananta wa baƙi a gida. Amma ramuwa tana da ma'ana ne in ta sauka kan wanda ya yi laifin. A tsananta wa Ba'amurke gwargwadon yadda Amurka ta tsananta, wannan magana ce tsakanin gwamnatoci biyu, kuma kowa ya ga dalilinta. Ban ga ta inda wulaƙancin da aka yi wa ɗan Kano a ofishin jakadancin Amurka zai zama bashin da ɗan Madawa ta Nijar zai biya a Dundaye ba. Ita Amurkar ma, shekaru da dama izinin ɗalibi a can ba ya da ranar ƙarewa a rubuce, yana tafiya ne muddin ɗalibin yana cikin rajistar makarantarsa, sai a Agusta 2025 gwamnatin Trump ta gabatar da shirin sauya hakan. In kwaikwayo za mu yi, me ya hana mu ɗauko wannan tsohon tsarin nasu, wanda ya fi dacewa da jami'o'inmu fiye da yadda ya dace da nasu?

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma mutumin Sakkwato ba zai yi mata riƙon wasa ba: tsaro. A Nuwamba 2024 hedikwatar tsaro ta ƙasa ta tabbatar da ɓullar mayaƙan Lakurawa, waɗanda mutanen Tangaza da Gudu suka daɗe da sanin su, kuma an danganta tushensu da ƙetaren iyaka. Ga 'yan bindiga a gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa, suna tsallakawa suna dawowa. Wanda ya ce a irin wannan hali a bar iyaka sakaka bai san zafin abin ba. Sai dai a tambayi kai, wa tarar ke kamawa? Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, yawancinta fili ne da babur ke ratsawa ta ko'ina. Ɗan bindiga ba ya bi ta Illela ya miƙa fasfo a buga masa hatimi, balle wa'adinsa ya ƙare. Wanda ke da wa'adin da zai iya ƙarewa shi ne wanda ya bi ƙofa, ya ba da sunansa da hotonsa da adireshinsa. Amfanin tsarin zama ga tsaro shi ne ya jawo baƙi su rubuta kansu, yadda hukuma za ta san na gari ta ware su, ta mai da ƙarfinta kan sauran. Duk abin da ya sa rajista ta yi tsada ko ta zama abin tsoro yana rage yawan masu yin ta. A yankin da baƙo da ɗan gida harshensu ɗaya, sunayensu ɗaya, kakanninsu ma sau da yawa ɗaya, hanya mafi sauƙi ga wanda tara ta fi ƙarfinsa ba komawa gida ba ce. Ya nemi takardar ƙaramar hukuma ta bayan fage ya zama ɗan Gada ko ɗan Gwadabawa. Daga ranar ya ɓace daga littafin baƙi, ya shiga na 'yan ƙasa da sunan ƙarya, kuma wannan shi ne ainihin abin da jami'in tsaro ba ya so.

Ba sai mun yi hasashe ba, domin Hausawa sun san wannan labari daga ɗaya ɓangaren. 'Yan tukari na Makka da Jidda mutanenmu ne da suka shiga da bizar Umara ko ta Hajji suka zarce. Saudiyya tana da hukuncin da ya fi namu tsanani, tarar da ke kaiwa riyal 50,000, ɗaurin da ke kaiwa wata shida, sannan kora. Duk da haka sai da ta buɗe afuwa ta watanni a 2013, ta sake buɗe wata a Maris 2017, inda ta ce wa masu zaman ba izini su fito su tafi ba tara ba ɗauri. Daular Larabawa ma ta yi irin wannan daga Satumba zuwa Disamba 2024. Afuwa a kai a kai shaida ce cewa tarar ta kai inda ba ta biyuwa, mutane sun gwammace ɓuya, har hukumar da kanta ta ga ba ta da mafita sai ta yafe. In ƙasashen da ke da kyamara a kowane lungu da rajistar yatsun kowa suka ƙare a haka, ina ga wadda ba ta gama ba wa 'ya'yanta lambar shaida ba?

Akwai kuma abin da tarihi ya nuna game da dokar da ake bari tana barci. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da mutanen zango, Hausawan da wasunsu a can aka haife su. A Janairu 1983 Najeriya, ƙarƙashin Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato, ta yi irin nata: mako biyu, mutane sama da miliyan guda suka kama hanya, yawancinsu 'yan Ghana, amma da 'yan Nijar da Chadi masu yawa. Yarjejeniyar ECOWAS tana aiki a lokacin. Abin da aka kafa hujja da shi shi ne sun wuce kwana 90 ba su nemi izini ba, ƙa'idar da shekaru ba wanda ya tambaye su ita lokacin da kuɗin mai ke gudu kuma ana buƙatar hannunsu. Gwamnatin Buhari ta soja ta maimaita a 1985. Saboda haka mai cewa a kwantar da hankali, ai ba wanda zai je Dundaye ya tambayi ɗan Nijar takarda, ya manta cewa rashin tambaya ba haƙƙi ba ne. Yana ɗorewa ne har ranar da tattalin arziki ya matse ko siyasa ta buƙaci wanda za a ɗora wa laifi.

Maganar kuɗin shiga ba ta buƙatar dogon bayani. A ƙarshen Fabrairu 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki, dala 15,000 a shekara kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata. Ƙungiyoyin masu masana'antu da 'yan kasuwa suka yi ca, ba a yi mako biyu ba aka dakatar da shi. Masu kamfani suna da bakin da ake ji a Abuja. Ɗalibi da majinyaci ba su da shi, kuma abin da za a tatsa daga gare su bai kai abin da suke kashewa a kan haya da abinci da kuɗin makaranta da na magani a cikin garin Sakkwato ba.

Saura hujjar da ta fi yawo a bakin mutane: Nijar ce ta fice da ƙafarta, sai ta ɗanɗana. Gaskiya ne sojojin Yamai ne suka zaɓi ficewa, kuma a Janairu 2025 sun fitar da tasu dokar mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Amma mun riga mun gwada hukunta talakawa saboda shugabanninsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka an yanke wutar da ake ba Nijar, har zuwa Maris 2024. Janar Tiani da ya karɓe mulki bai sauka ba, kasuwar Illela ce ta mutu, kuma sanatocin arewa da sarakuna da malamai ne suka fi kowa ɗaga murya a kan a sassauta. Sannan hanyar tana da hannu biyu. 'Yan Najeriya da yawa suna karatu a Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, wasu a Jami'ar Musulunci ta Say, ga 'yan kasuwarmu a Yamai da Damagaram da Agadas, ga dubban 'yan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara da Katsina da ke zaune a Jihar Maraɗi. Duk kuɗin zaman da muka yanka wa ɗansu, da shi za a auna wa namu. Ƙasashen Sahel ɗin uku sun riga sun sanar a Disamba 2024 cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza, amma ita ma sanarwa ce ta ɓangare guda, mai ita na iya janye ta gobe.

Mafita ba ta buƙatar jiran ECOWAS. Chadi da Kamaru ba su taɓa zama 'yan ƙungiyar ba, amma mutanensu suna shiga Najeriya ba tare da biza ba saboda fahimtar da ke tsakanin ƙasashen kai tsaye. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai ofishi a Yamai, kuma a Afrilu 2025 ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je can ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da ita. A wannan teburin ya kamata a rubuta haƙƙin shiga da na zama na mutanen ƙasashen biyu a matsayin yarjejeniya mai zaman kanta, a yanka kuɗin katin zama da naira da sefa daidai da aljihun masu yankarsa. Ga ɗalibai kuwa, ko daga wace ƙasa suka fito, izinin ya bi rajistar makaranta: jami'a ta riƙa aika wa ofishin shige da fice na Sakkwato sunayen baƙin ɗalibanta a farkon kowane zango, wanda ya bar karatu a cire shi, wanda yajin aiki ya riƙe izininsa ya tsawaita da kansa. Hukuma za ta samu jerin sunaye mafi inganci fiye da wanda tara za ta taɓa ba ta. Tarar kanta a sa mata rufi, a bambanta ta bisa nau'in biza, a bar ƙofar uzuri ga mai takardar asibiti. Hukumar jami'ar da gwamnatin jiha da 'yan majalisar da ke wakiltar Illela da Gada da Tangaza su ne suka fi cancanta su kai wannan magana Abuja, kuma lokacin kai ta shi ne yanzu da sanarwar 29 ga Janairu 2025 take nan ba a janye ba.